Numfashin Kofur Hammanjoda

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Maris na shekarar 1950, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kofur Hammanjoda, mai koya wa yaran makarantarmu ta Elementare busa da kiɗan fareti a nan Jalingo. Sankarau ne ya ɗauke shi, a rumfunan zana da aka kafa wa masu wannan ciwo a bayan gari, wajen hanyar Kona. An rufe makaranta, an hana taro, ko zaman makoki ba a yi ba. Ni Malam Sada, mai koyar da aji biyu, tun da ba halin in je Kachalla Sembe in zauna a tabarmar gidansa, sai na ce bari in yi ta'aziyyata a rubuce. Ina rubutun nan, kuma ba baƙin ciki kaɗai ke damuna ba. Tsoro nake ji. A darasinsa na ƙarshe, 'yata Zulai ce ta karɓi begila daga bakinsa ta sa a nata.

Kofur, ka zo mana bayan an gama yaƙin Boma, da kakinka da ya koɗe, da begila ɗaya mai lotsawa a gefe, aka haɗa maka da ganguna biyu. Ka sani ban yi murna da zuwanka ba, domin tagar ajina ce ke kallon gindin tsamiyar da aka ba ka. Ina cikin koyar da lissafi sai in ji kamar an danne ɗan maraƙi za a yanka, in leƙa in tarar ashe wani ne ke koyon busa. In na yi ƙorafi sai ka yi murmushi ka ce, "Haƙuri, Modibbo. Zakara ma ba ya cara ranar ƙyanƙyasa." Ni da ko gemu ban ajiye ba kake kira Modibbo, wato babban malami da Fulatanci, ka kuwa san abin yana sosa mini rai, shi ya sa ka ƙi bari. Yanzu gindin tsamiyar ya yi tsit, ni kuma da na yi ta roƙon shiru na rasa inda zan sa kaina.

Na tuna ranar da Abbo, ƙaramin ajin, ya fara ganin begila. Ya kafa ido a bakinta mai faɗi, ya daɗe yana leƙe, sannan ya tambaye ka wa ke ciki, kuma laifin me ya yi ake sa shi kuka. Ka ce masa ba kowa. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba. Washegari ka ɗauki begila ka hura, ta ƙi. Ka sake hurawa, kumatunka suka kumbura, idanunka suka yi jawur, ko tari ba ta yi ba. Da ka girgiza ta sai ga guntun ƙosai ya faɗo. Abbo bai gudu ba, ya ma matso ya yi maka bayani cewa yunwa ce ke sa na cikin kuka, tun jiya yana lura ba wanda ya ba shi komai. Na ɗauka ranar nan bulala za ta yi aiki. Kai kuwa dariya ka yi har ka zauna a ƙasa, sannan ka gaya masa abincin begila toka ne da lemon tsami, ka naɗa shi mai ciyar da ita. Tun daga ranar shi ke goge ta, har sai ya ga fuskarsa a jikinta.

Jibrilla shi kuma ganga ya ƙi dukawa. An rataya masa ita, an ba shi sanda, ya tsaya hawaye na zuba. Da ƙyar ya faɗi dalili: an sayar wa mahauta akuyarsu, ga shi fatar gangar nan tana da ɗigon baƙi daidai irin nata. Sai ka karɓi gangar ka kara a kunne, ka yi shiru kamar mai sauraro, ka ce ka tambaye ta, akuyar Yola ce, ba ta ma san ƙofar gidansu ba. Jibrilla ya share ido ya shiga duka ba ji ba gani. Amma har ranar da aka rufe makaranta, in ya gama kiɗa sai ya shafa fatar ya ce mata sannu.

Sai ranar da ka koya musu ajiye leɓe. Ka jera su sahu biyu, ka ce kowa ya yi kamar zai tofar da ƙaiƙayi daga kan harshe. Yara ba su san kamar ba. Sahun baya gaba ɗaya suka tofa a ƙeyar na gaba, kafin ka ce kwabo dambe ya kaure, sai da na bar allo na fito rabo. Cikin rikicin ne Sajo, wanda haƙoransa na gaba suka zube, ya ɗaga hannu ya ce shi iskarsa ta taga take fita, a ba shi hutu sai sun tsiro. Ka ce soja ma yana samun hutun rauni, ka damƙa masa sandar jagora ya riƙa tafiya a gaba. Ya ji daɗin muƙamin har ya gaya wa uwarsa addu'a yake kada haƙoran su yi gaggawa.

Ban taɓa ganin ka ɗaga wa yaro hannu ba. Mu malamai muna ta karya tsumagiya, kai kana samun abin da kake so da zolaya.

Kana da wata al'ada da ka ce a bariki ka gaje ta wurin wanda ya koya maka. Ba ka miƙa wa yaro begila da sanyinta. Sai ka fara busawa, bakinta ya ɗumama, sannan ka ba shi ba tare da ka goge ba, domin a cewarka ƙarfe mai sanyi yana tsorata leɓen sabon shiga. Yara suka mai da abin wani babban al'amari. A wurinsu numfashinka ne ke maƙalewa a ciki, wanda duk ya karɓa daga bakinka kai tsaye shi zai kwashe rabo mafi tsoka, na ƙarshen layi kuwa sai ɗan abin da ya rage. An sha kokawa a kan wannan matsayi. Na taɓa jin Jibrilla yana gargaɗin Abbo cewa in yana gogewa kada tsummansa ya kuskura ya taɓa wajen baki. Na yi dariya na wuce, ban ga komai a ciki ba.

Zulai tana cikin 'yan matan nan ƙalilan da ke makarantar, su kuwa rabonsu a darasinka tafi ne da amshi. Ita ba ta yarda da wannan rabo ba. Kullum tana bayan tsamiya da karan ganyen gwanda tana hurawa, tana kwaikwayon kumatunka. Da ka ce mata busa ta maza ce, sai ta amsa maka cewa begila ba ta da ido, ina za ta san bakin da ke kanta. Ka zo har aji ka ba ni labari, ka ce 'yar nan tawa ta fi ubanta kai.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshe ka zo ka ɗaure kai da rawani tamau, ka ce zafin bazara ne ya sara maka kai. Ka busa, busar ba ta fita yadda ta saba ba. Maza suna ta miƙo hannu, sai ka tsallake su duka ka duba bayan tsamiya, ka kira Zulai ɓingel, wato yarinya, da Hausarka ta Bafulatani da ba ta raba mace da namiji.

"Kai, ɓingel, zo nan. Yau kai ne na farko."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta hura, sai ga sauti ya fito tas, dogo, ba gargada, har na ajiye alli na tsaya a taga. Ka ƙame ka sara mata kamar yadda ake sara wa hafsa. Ranar nan ta dawo gida bakinta a ɗinke. An ba ta ruwa ta ƙi, an dama fura ta kau da kai, ana yi mata magana tana amsawa da hannu, har uwarta Kande ta fara zancen a nemo hayaƙi. Sai can da yunwa ta ci ƙarfinta ta yi magana ta gefen baki, ta ce ba ta so numfashin Bappa Kofur ya tsere. Ni da Kande muka yi dariya har da hawaye.

Ranar Asabar labari ya zo cewa wuyanka ya sandare. Matarka Asta ta ce kai da kanka ka gane ciwon, don ka taɓa ganin yadda ya yi wa sojoji a bariki. Ba ka jira an zo ɗaukarka ba, ka hana ta taɓa ka, ka dogara sanda ka kai kanka rumfa. Da na ji sunan ciwon ban tsaya jin sauran ba. Na shiga gida neman Zulai, ba ta nan.

Na bi hanyar Kona da gudu, babbar riga a hannu. Na tarar da ita cikin yaran makaranta su wajen goma, sun sulale daga gidajensu sun zo gaishe ka, har sun kusa kai wa bakin zana. Na gan ka ka rarrafo ƙofar rumfa, kanka a ɗage ba ya sunkuyuwa, kana lalubar ƙasa. Kai da ba ka taɓa dukan yaro ba, ka ɗauki hoge kana jifansu, kana cewa su tafi, su tafi. Suka ja da baya suka tsaya cirko-cirko. Na ji Sajo yana gaya wa sauran cewa fushi kake don sun ɓata busa ranar Alhamis. Kafin in kai gare su sun jera sahu daga nesa, Sajo a gaba da karan dawa, Jibrilla yana dukan cikinsa a madadin ganga, sauran suna busa a dunƙulen hannu, wai su nuna maka sun yi bita. Ba abin da ya yi daidai a kiɗan nan. Ka saki hogen da ke hannunka, ka kwanta a wurin kana kallonsu. Na kora su gida.

Saƙonka na ƙarshe ta bakin Asta ya iso mini, ta faɗa daga bayan danga. Ka ce a dafa begila a tukunya, kada yaro ya ƙara sa mata baki. Ka kuma ce a gaya wa Modibbo ya yafe maka, ba ka sani ba. Kofur, ban riƙe ka da komai ba, duniya da lahira. Na ji an fara surutu a kasuwa wai begilarka ce ta kawo annoba. Ciwon nan ya shigo gari tun kafin kanka ya sara, ya kuma ɗauki mutanen da ba su taɓa ganin begila ba. Abin da ka yi wa 'yata alheri ne, kuma alheri zan ci gaba da kiransa ko me Allah Ya hukunta.

Amma tsoro bai san wannan magana ba. Shekaranjiya aka kai Abbo rumfa. Malamin asibiti, Malam Njidda, ya ce mini kowace safiya in sa Zulai ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji, ranar da ta kasa in kawo ta ba jira. Ban so in firgita ta ba, sai na ce mata sabon fareti ne ka bar musu. Ta ɗauki abin da gaske. Takan ƙame, ta buga ƙafa, ta sunkuya, ta ɗago ta sara. Ta koya wa ƙanenta, ta koya wa yaran maƙwabta, yanzu duk lungunmu na Barade da safe faretin ake yi, uwaye suna leƙe daga bakin zaure ba mai dariya.

Da na gaya mata ka rasu ba ta yi kuka nan take ba. Sai ta dafa ƙirjinta ta ce, "Baba, numfashin Bappa da ke cikina, shi ma ya mutu ne, ko shi ne ya rage?" Na tashi na fita.

Yau da safe haɓar ta tsaya a hanya. Ta sake gwadawa, ta yamutsa fuska, ta ce kwanciya ce ta yi ba daidai ba, ta roƙe ni kada in gaya wa su Sajo ta faɗi fareti. Na taɓa goshinta na ji ɗumi. Na saɓa ta a kafaɗa sai wurin Malam Njidda. Ya duba, ya ba ta ƙwayoyi, ya ce mai yiwuwa kwanciyar ce, mai yiwuwa kuma ba ita ba ce, a saurara zuwa la'asar. In ta yi amai ko ta ƙi haske, to, sai rumfa. Tana ɗakin uwarta yanzu, ni kuma ina zaure ina wannan rubutu, don in na zauna hannu sake ban san abin da zan yi ba. Duk motsin da na ji daga cikin gida sai alƙalamin ya tsaya.

Allah Ya jiƙan Kofur Hammanjoda, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi, Ya saka masa da Aljanna saboda tausayin da ya yi wa 'ya'yan mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga Asta, wadda ke zaman takaba ba mai shiga ya ce mata sannu, da 'ya'yansa, da 'yan'uwansa na Kachalla Sembe da na rugage. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsare ku, Ya ɗauke mana wannan annoba, Ya tashi kafaɗun Abbo.

Wanda duk wannan takarda ta kai gare shi, ina roƙonsa ya ɗaga hannu ya yi wa Kofur addu'a. In ya gama, don Allah kada ya yi saurin shafawa, ya sa da Zulai. Inuwa ta fara karkata.