Kafaɗar Baba da Bututun Mayanka

Har yau mutanen unguwarmu ta Gidan Igwai cewa suke rashin kunya ne ya sa na ƙwace hannun famfo daga wurin mahaifina a gaban mahauta. Ba su san komai ba.

Baba mai haɗa bututun ruwa ne. Manyan bututu, kowanne da faifan ƙarfe mai ramuka a bakinsa. Sai faifai biyu sun daidaita, rami ya kalli rami, sannan a zura ƙusa a ɗaure da noti. In ɗaya ya sauka ƙasa, Baba kan cusa sandar ƙarfe ya ɗaga da kafaɗarsa. A sana'arsu, wanda kafaɗarsa ke ƙarƙashin sanda shi ne oga. Baba ba ya bar wa kowa.

To kafaɗar nan ta lalace. Ni kaɗai na sani, don ni ke shafa masa man zafi. Ko buta da hagu yake ɗauka. In labari ya fita, babu mai sake kiransa aiki.

Ana haka bututun wata mayanka a bakin gari ya goce. Ƙasa ta zauna bayan damina, bakin bututu ɗaya ya sauka, ruwa na tsiyaya, mahauta ba su da na wanke nama. Shugabansu ya aiko a kira Baba. Wani abokin Baba a Sabon Gari ya ara masa na'urar daidaita baki, mai aiki da mai kamar jak ɗin mota. Ana maƙala ta a ramin faifan da ya sauka, hannunta ya dafa ɗaya bututun, sai a riƙa danna famfon da ke jikinta tana ɗagowa. Na ce zan bi shi don in riƙe masa jaka. Ya yarda, abin da bai taɓa yi ba.

Wajen hantsi ne, rana ta riga ta gasa ƙarfen, ƙudaje ko'ina. Baba ya maƙala na'urar, ya kama hannun famfon da dama saboda idon mutane, ya danna. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Bututu ko motsi.

Wani mahauci mai ƙaton ciki ya ce, "Oga, yau ba a sha hura ba?"

Aka yi dariya. Shugaban mahautan bai yi ba, kallon hannun Baba yake.

Nan na ture jaka na cafke hannun famfon. "Baba, ka ce za ka bar ni in gwada! Tun gida kake ja mini rai."

Bai taɓa faɗa ba. Ya dube ni, na dube shi.

"Wagga ɗiya taka ba ta da ta ido," in ji mai cikin.

"Kawu, naman ka zo wankewa ko tarbiyyata?"

Baba ya saki famfon kamar wanda aka dama. Ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya yana leƙen ramin. "Danna. Sannu, ke! Ba daka kike ba." Ni gaggawa ce da ni, so nake in gama. Shi kuma tsaya, ƙara kaɗan, tsaya. Ƙarfen na kuka a hankali, har haske ya ratsa ramukan biyu. Ya gyara robar da ke tsakanin faifan biyu, ya zura ƙusa da hagu, ta shige ba gardama. Da aka ɗaure aka kunna ruwa, ko ɗigo.

Shugaban ya ce akwai wani layin bututun bayan Sallah, Baba ya zo ya duba.

A keke napep muka kama hanyar komawa. Sai da muka kusa gida ya ce, "Kin zubar da mutuncinki yau."

Na ce, "Nawa ne, Baba."

Kafin la'asar labari ya riga mu shiga unguwa. Inna ta yi faɗa, na bar ta ta gama. Washegari na je wurin tela ya ɗinka mini guntun hijabi wanda ba zai kama ƙarfe ba. Duk aikin da aka kira Baba, ina biye da shi, kuma ni zan riƙa ƙwace famfon.