Kaset Ashirin da Uku a Ɗakin Dokta Ayuba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 1987, ina shanya wanki a gidanmu na Makera, maigidana Nuhu ya dawo tun azahar ba ta yi ba. Ya zauna a bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba, ya ce Allah ya yi wa malaminsa Dokta Ayuba rasuwa bayan jinyar kwana tara. Da la'asar aka kai ka makwancinka, Baba Dokta. Ka bar matarka Hajiya Kubura da 'ya'ya biyar da ɗalibai masu yawa. Ka kuma bar kaset ashirin da uku na hirar tsofaffin mata, waɗanda har yau ba a rubuta abin da ke cikinsu ba.

Duk Asabar, in ka dawo daga jami'a a Zariya, masu neman digirin dokta kan cika barandarka a unguwar Romi, masu tarihi da masu harshe da masu nazarin zaman jama'a. Kana koya musu yadda ake tsara tambaya, da neman izinin mutum kafin a kunna rikoda, da rubuta rana da wuri a jikin kaset tun ba a tashi ba. Ni kuwa rakiyar miji nake yi. In na gaida Hajiya sai in zauna bayan taga da littafin soyayyata.

Wata Asabar a 1985 komai ya sauya mini. Nuhu na bincike kan ma'aikatan masaƙun Kakuri. Shi da abokinsa Albert, ɗan Binuwai, sun yi hira da maza arba'in, babu mace ko ɗaya. Ka ce, "Matan da suka shekara ashirin suna ciyar da ma'aikatan nan, aljanu ne?" Albert ya ce, "Baba Dokta, gidajen ba shiga ne. In na leƙa da rikoda, da taɓarya za a rako ni." Sai ka waiwayo wajen taga.

"Lantana, mutanen littafin nan naki sun yi aure?"

"Tukuna, Baba."

"To za su jira. Zo ki koyi aiki."

Hirata ta farko da Iya Asabe ce, mai tuya a ƙofar masaƙa. Da na zo rubutawa, sai maganarta ta yi mini kamar miya ba gishiri, na gyara mata. Inda ta ba da labarin mutuwar mijinta na sa mata hawaye, na ce zuciyarta ta tsage gida biyu. Ka karanta shafukan nan har ƙarshe, sannan ka kunna kaset ɗin a gaban kowa. Muka ji Iya ta ce, "Ya rasu Laraba, Litinin na hura wuta, mutane na jiran ƙosai," ta kuma yi 'yar dariya. Ka kashe rikoda. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Rubutunki ya fi nata daɗi, 'yata. Amma kin sa mata kukan da ba ta yi ba, kin ɗauke mata dariyarta. Wannan dariyar muke nema." Sau huɗu na sake rubuta hirar, har tarinta da shirunta na sa.

Daga nan na shiga gidaje talatin da ɗaya a Makera da Nasarawa. Takwas muka rubuta tare, kana bin kowane layi da jan biro. Ranar da Nuhu ya miƙa kundinsa, kai ka hana a ɓoye ni cikin godiya ga "iyalina". Ka sa aka rubuta cikakken sunana a ƙarƙashin kowace hira. Ina alfahari da wannan, ina kuma alfahari da cewa ni, da na tsaya a aji uku na sakandare, ka kira ni ɗalibarka a gaban masu digiri biyu.

Yanzu za a kwashe littattafanka zuwa Zariya. Kaset ɗin suna cikin kwali a ƙarƙashin teburinka, damina kuma ta ƙarato, danshi ba ya barin kaset. Uku daga cikin matan sun riga mu gidan gaskiya, muryarsu ba ta ko'ina sai cikin kwalin nan.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa ilmin da ka koyar ya zama haske gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kubura da 'ya'yanka da 'yan'uwanka da dukan ɗalibanka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya, bayan addu'ar bakwai, na roƙi Hajiya kwalin, ta ba ni. Nuhu ya ɗauko shi a bayan babur. Ranar Asabar zan fara da kaset na tara.

Lantana Nuhu, Makera, Kaduna