Makin Jirgi Ya Kai Inna Legas

Mun tashi da asuba ranar Talata, ni da Inna, daga ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa. Raɓa ba ta bushe ba, gero ya sunkuya a gonaki hagu da dama yana jiran girbi. Inna ta rungume ƙullin kuka da daddawa a cinya, ta ƙi yarda direba ya sa shi a but.

Ƙanwata da ke aure a Legas ce ta haihu ranar Asabar, da tiyata. Haihuwar fari ce, kuma duk wanda ya kira ta tambayarta ɗaya: Inna za ta zo? Inna kuwa ciwon baya ya hana ta dogon zama, ba za ta iya kwana a motar Legas ba. Kuɗin jirgi na mutum biyu kuma ya fi ƙarfin aljihuna.

Sai na tuna da maki. Ina aiki da wani kamfanin sayen riɗi da ke yawan tura ni Legas, kuma duk hawan da na yi, kamfanin jirgin yana tara mini maki da ake iya yankar tikiti da shi. Ban taɓa amfani da shi ba. Na zauna a gindin darbejiyar firamare, inda sabis ya fi kamawa, na buɗe manhajar kamfanin jirgin a waya. Niyyata mu tafi Juma'a, jajiberin suna, amma makin da suka nema na kujera ɗaya ya kusa cinye duk abin da na tara. Na duba Alhamis, ya ɗan sauko. Da na duba jirgin Talata da hantsi, sai ga shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na Juma'a ba. Hanya ɗaya, kujera iri ɗaya, kuma biyu kacal suka rage a wannan farashin.

Na garzaya gida na yi wa Inna bayani. Ta ce, "To ai kamar hatsi ne, mudun kaka daban, na bazara daban. Amma gyaɗata fa, wa zai cire?" Sai da matar yayana ta ɗauki nauyin gyaɗa da awaki sannan ta ce in yanka. Na koma gindin darbejiya da sauri, na tarar kujerun suna nan. A nan na gane maki ba ya biyan haraji, wannan sai da na tura kuɗi.

A Dawanau manyan motoci suka tsare mu, muka sayi ƙosai mai zafi ta taga. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta buɗe ƙullin Inna, ƙamshin daddawa ya buge ta, ta yi dariya ta ce a ƙara masa leda. Da Inna ta ji kuɗin robar ruwa a ɗakin jira, ta ce ita dama ba ta jin ƙishi.

Lokacin da jirgi ya ɗaga ta damƙe hannuna tana salati, har na ji farcenta. Can ta leƙa taga, sannan ta ce, "Ashe haka gonakinmu suke a manne da juna, kamar saƙar tabarma." Wani ɗan kasuwa da ke gefena, da ya ji da maki muka yanki tikiti, ya ce shekarunsa da yawa yana bin hanyar nan bai taɓa yin rajistar makin ba. Kafin mu sauka ya sa na nuna masa yadda ake yi.

Cunkoson Legas ya fi zaman jirgin tsawo. Mun isa asibiti ana shirin sallamar ƙanwata. Tana ganin Inna a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Inna ta ajiye ƙullinta ta karɓi jaririyar. Daga ranar ita ke wankan jaririya, ita ke dama kunun kanwa. Da Juma'a muka zo, da ƙanwata ta yi kwanakin da suka fi wuya ba uwa a kusa. Ranar suna aka sa wa jaririyar sunan Inna.

Dawowa ma haka ta kasance. Lahadi da Litinin sun yi tsada, jirgin Laraba kawai ragowar makin ya isa, muka jira ba wanda ya yi ƙorafi.

Mun shigo gari da la'asar, mata suka cika tsakar gida ana barka da jin labarin jirgi. Ni dai na koyi cewa mai tafiya da maki ba ya kafewa a kan rana ɗaya, ya duba gaba ya duba baya, in ya ga mai sauƙi kada ya yi jinkiri. Da zan tafi, Inna ta tambaye ni ko makin ya ƙare. Na ce saura kaɗan.

Ta ce, "To ka ci gaba da tarawa. In an tashi yaye takwarata, ni zan je in ɗauko ta."