Morenike da Bakan Gwaggo Sikiratu

Morenike 'yar ƙanin babana ce, a gida ɗaya muka tashi a unguwar Mushin ta Legas. Tun tana rarrafe take kwance rediyon mutane. In ni na taɓa, bulala. In ita ce, sai a ce yarinya mai kai. Yanzu a Yaba take aiki, tana rubuta wa shafukan intanet umarni da harshen kwamfuta na JavaScript, dangi kuwa na maganarta kamar ita ta ƙera wutar lantarki.

Da gwaggonmu, Cif (Alhaja) Sikiratu, ta tashi bikin cika shekara saba'in, Morenike ta yi mata shafin gayyata. Ana saura kwana uku aka naɗa gwaggo Iyaloja, shugabar matan kasuwarsu. Ta ce a sauya sunan a duk inda ya fito, wuri ɗari huɗu, in ba haka ba ta ba ɗan maƙwabta aikin a gaban kowa.

Morenike ta zuba tsohon sunan a ma'aji guda, sabon a wani, ta umarci injin kwamfutarta ya nemo na farko ya maye gurbinsa da na biyu. Injin ya ce bai ga komai ba. Suna ga shi ɓaro-ɓaro a allo! Ta sake, ta sake, gumi ya kusa cika bokiti. Na ja kujera, na sayo boli, wato gasasshiyar ayaba, da gyaɗa, don rabona da jin daɗi irin wannan tun ina firamare.

Na ce mata, "Farfesa, a kira ɗan maƙwabta ne?"

"Buroda Kunle, don Allah tafi ka ci abinka a waje."

"Ni dai na ga ko injin ma bai yarda da Alhajar nan da aka rataya cikin baka biyu a sunan gwaggo ba."

Ta dubi allo, ta dube ni.

"Bakan ne! Injin yana ɗaukarsa umarni, ba rubutu ba."

Ta sa a riƙa jefa 'yar karkatacciyar sanda gaban kowane baka kafin a fara nema, alamar da ke gaya wa injin cewa rubutu ne kawai. Dannawa ɗaya, Iyaloja ta cika shafi.

Ranar biki gwaggo ta ɗaga hannun Morenike a gaban taro, makaɗa suka yi ta wasa ta. Na matsa na ce ai ni na gano matsalar.

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Kai? Maza je ka ƙaro kujeru."