Tattabarar Baba a Farar Sama

Bayan rasuwar Baba, yayanmu ya ce za a sayar da tattabarunsa, wai babu mai lokacin zuba musu dawa. Ban iya hana shi ba, shi ne babba. Amma na rantse ba za su bar gidanmu na Kusfa ba sai na ɗauki hoton guda ɗaya tana tashi: wata ja mai farin wuya, wadda take sauka a kafaɗar Baba yana alwala.

A unguwarmu ba a hawa kan soro sai an sanar da maƙwabta, don daga can ana hango tsakar gidan kowa. Na je na yi sallama da dattijon da muke katanga ɗaya.

"Hoton tsuntsu?" in ji shi. "Da girmanka? To, safe da yamma iyalina suna waje. In dole ne, ka hau bayan azahar, sun shiga ɗaka."

Wato lokacin da rana take ƙwalla, sama ta yi fari fat. Ya san abin da ya yi. Na ce na gode.

Kyamara kuwa wawuya ce. In ta ga sama da haske sai ta tsorata ta rage, don kada sama ta ƙone, tsuntsu kuma ya fito baƙi ƙirin. Hotunana na farko duk haka suka yi. Ba ka bambanta tattabarar Baba da hankaka. Na ji haushi, ga ƙasan soron na gasa mini tafin ƙafa, ga mai saye zai zo washegari.

Sai na daina bin ra'ayinta. Na ƙwace awon hasken, na auna a jikin katangar laka da ke inuwa, na ƙara, na sake ƙarawa. Kyamarar tana ta ƙyafta gargaɗi, ban kula ta ba. Na watsa dawa, na tafa hannu, suka tashi.

Ta fito da jan nan nata, da farin wuyan, har gashin da ya karye a fiffikenta na hagu. Bayanta babu komai, kamar farar takarda.

Yaya ya duba ya taɓe baki. "Ka ɓata hoto. Ina samar?"

Na ce, "Yaya, sama tana nan gobe. Wannan ce ba ta nan."