Gonar da Muka Share ni da Kaka

Har yau idan na ji ƙaurin ƙayar da aka tara aka cinna wa wuta a ƙarshen rani, raina ɓaci yake yi. Bari in faɗa muku dalili.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a hannun kakata ta wajen uba, a Gwallameji, tun gidaje ba su cinye jejin bayan unguwa ba. Kakanmu ya rasu ya bar wani fili a can, duk ƙaya da tsakuwa, ko akuya ba ta son shiga. Takardar filin tana hannun baffana, yayan mahaifina. Kaka ta aika aka kira shi, ta ce tana so ta yi 'yar gona a wurin. Ya ce, "Inna, ai naki ne. Ki yi yadda kike so."

Muka fara sassabe cikin zafin bazara. Kaka tana sara da adda, ni ina jan ƙayar ina tarawa. Tsakuwa kuwa a kwano muke kwashewa mu jera a iyaka. Tafin hannunta ya tsattsage, da yamma ta shafa man kaɗanya, da asuba ta koma. Wani dattijon Bafulatani ya yarda shanunsa su kwana a filin har mako biyu don mu sami taki, ladansa kunun da Kaka ke dama masa. Maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar Bogoro, ta kawo mana irin gyaɗa daga garinsu a ƙulle a gefen zane. Kaka ta sayo irin masara a kasuwar Muda Lawal, ta gauraya shi da toka saboda ƙwari. Ta ma riga ta raba gonar da baki: nan masara, can gyaɗa, gindin suri kuɓewa da yakuwa, kunya biyu na ƙarshe kuma nawa ne ni kaɗai.

Ruwan farko ya sauka, muka fita da sassafe da ƙwaryar iri a ka. Sai muka tarar tifa ta juye yashi a tsakiyar gonar, a kan takinmu. Leburori suna haƙa tushe, Baffa yana tsaye da wani mai farar shadda a jikin mota.

Kaka ta ce, "Wa ya ce a zuba mini yashi a gona?"

"Ki yi haƙuri, Inna, na sayar. Gari ya iso nan, wa zai yi noma a cikin gari?"

"Yaushe ka sayar?"

Mai shaddar ne ya amsa, shi a ganinsa ba wani abu ba ne. "Hajiya, ai bara da na zo gani ƙi na yi, daji ne. Shi ya ce in dawo idan an share."

Kaka ta daɗe tana kallon ɗan da ta haifa. Sannan ta ce, "Ashe ƙwadago muka yi maka." Ta kama hannuna muka juya. Gyaɗar ta mayar wa mai ita, masarar ta watsa wa kaji, kuma har ta bar duniya ba ta sake riƙe fartanya ba. Dangi suka yi ta zuwa suna ba ta baki, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Baffa kuwa babu wanda ya iya buɗe baki ya ce masa ka yi laifi.

Yanzu kullum ta nan Keke Napep ke bi da ni zuwa ofis. An zagaye filin da katanga, an sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, amma har yau ko ɗaki ɗaya ba a gina ba. Ba a yi gida ba, an hana gona.

Da sallar da ta wuce muka je gaishe da Baffa. Ya tsufa, jikoki sun kewaye shi, yana ta faɗan cewa yaran yanzu ragwaye ne, ba mai son noma, sai kukan tsadar abinci. Ina durƙushe a gabansa na ce, "Baffa, a wace gonar za mu yi?"

Mahaifiyata ta harare ni. Shi kuwa ya juya ya ce a kawo masa buta, lokacin salla ya yi.