Lu'ulu'un Gaisha

Ranar wata Talata ce, sati biyu bayan an ɗaure gero, shekarar da na shiga CM1, wato aji biyar, a lakwal ɗin ƙauyenmu, arewa da Mayahi. Mushe, malaminmu, ya ce kowa ya zo da dutse, za mu yi darasin ma'adinai. Muka jera su a kan tabarma ƙarƙashin rumfar kara: marmara, tsakuwar rijiya, farar ƙasa, kwalli, da guntun jar kanwa da na sato daga kwandon Inna. Mushe ya bi su da farce, da ƙusa, da fasasshiyar kwalba. Farar ƙasa ta sallama wa farce, tsakuwa kuwa ta zana layi a jikin kwalbar. Sai ya jefa kanwata a gwangwanin ruwa, muka ga tana raguwa. "Kowane dutse da halinshi," in ji shi, "taurinshi da ɗanɗanonshi ke hwaɗa muku ko wane ne."

Gaisha ce kaɗai ba ta ajiye komai ba. 'Yar makiyaya ce daga wajen Issawane, goggonta ke riƙonta a unguwarmu, kuma tun zuwanta ta ƙwace mini na ɗaya a aji. Ban yafe ba. Da aka fita hutu muka matsa mata, har ta kwance 'yar jakar fatar da ke wuyanta. Abin ciki bai kai goro ba, garau kamar ƙanƙara, gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Ta ce babanta ya ba ta kafin tafiyarsa ta ƙarshe da raƙuma, tafiyar da ya rasu a cikinta. Ya ce mata lu'ulu'unta ne, kada ta bari ruwa ya taɓa shi. Shekara biyar ke nan, ko wanka za ta yi sai ta rataye shi a danga.

Ni kuwa 'yar mai sayar da gishiri ce, kullum da la'asar ni ke farfasa wa Inna kantun gishiri. Na san abin da ke fashewa kusurwa-kusurwa haka. Na shafa shi, na faki ido na lashi yatsana, na tabbata. Wallahi daɗi ya kama ni.

"Lu'ulu'u na gaske ba ya tsoron ruwa," na ce. "In kin yarda babanki bai yi miki ƙarya ba, sa shi mu gani."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ɗauraye gwangwanin, ta ɗebo ruwa a randa ta saka. Na ja ta wasan carafke can a bayan aji. Na dinga faɗuwa da gangan don ta yi ta ci, sau biyu kuma na koma wai shan ruwa, na juya ruwan gwangwanin da kara. Da aka buga ƙarfe ta tsoma hannu ta laluba. Abin da ta tsamo bai fi ƙwayar gero ba, shi ma ya narke tsakanin yatsunta. Muka fashe da dariya, tawa ta fi ta kowa. Har na ce mata gishirin awaki ne gadonta.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga gwangwanin ta shanye ruwan tas. Da cikinta ya fara yunƙuri sai ta toshe baki da hannu biyu, idanunta jajur, ta ƙi bari ko ɗigo ya dawo. Mushe bai san an yi ba. Da yamma ya tambayi yadda ake gane gishiri, na amsa tiryan-tiryan, ya sa aji ya tafa mini.

Gaisha ta ƙare shekarar ba ta sake yi mini magana ba, da damina danginta suka ɗauke ta. Yanzu gishiri a leda yake zuwa, gari ne, 'ya'yana ba su taɓa fasa kantu ba. Duk sanda na barbaɗa shi a miya sai in ga hannayen nan biyu a kan baki, in ji ina so in san inda take. Na san halin gishiri tun ina shekara goma, nawa halin ne na daɗe ban gane ba.